Yadda Magabata Suka Zaɓi Wurin Masallaci, da Yadda Muka Bi Sawunsu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya nuna mana wannan rana da ranmu da lafiyarmu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, yau ake aza harsashin sabon Masallacin Jumma'a na garinmu. Baƙon da ya zo yau ya tarar da fili a share, an kafa turaku, an ja igiya, sai ya zaci da ma can nan aka nufa. Amma mu 'yan gari mun san ba a iso nan da sauƙi ba. Tara kuɗin gini bai ba mu wuya ba kamar yadda tambaya guda ta ba mu, watau a ina za a gina shi. A kan wannan tambaya aka yi ta zama ana tashi baram-baram, har wasu aminai suka yi kwanaki ba sa gaisawa. Abin da ya raba gardamar kuwa shi ne tarihi, sa'ad da malamanmu suka zaunar da mu suka karanta mana yadda magabata suka yi. Saboda haka muka ga ya kamata a rubuta shi cikin wannan ɗan littafi, don wanda ya ba da taimako ya san inda dukiyarsa ta shiga, na baya kuma su san dalilin da ya sa aka tsaya a nan.

Inda taguwa ta gurfana

A shekara ta 622 Miladiyya Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya yi hijira daga Makka zuwa Madina. Ya fara sauka a Ƙuba, wata unguwa ta bayan gari, ya yi kwanaki a can, ya aza harsashin masallacinta. Daga nan ya hau taguwarsa mai suna Ƙaswa ya nufi cikin gari.

Ya kamata mu tuna halin da Madina take ciki a lokacin nan. Manyan ƙabilunta biyu, Ausu da Hazraju, sun daɗe suna gaba da juna, kuma yaƙinsu na ƙarshe, wanda ake kira Bu'asu, kimanin shekara biyar ke nan da yinsa kafin hijira. Wutar ta mutu, amma tokar da sauran zafi. Kowane dangi kuwa yana da unguwarsa da gonakinsa na dabino. To, duk unguwar da Annabi ya ratsa sai manyanta su fito su riƙe akalar taguwa, su ce ya sauka wurinsu, suna da yawa, suna da makamai, suna da abin ciyar da baƙo. Da ya zaɓi ɗaya da bakinsa, da saura sun ga an fifita wasu a kansu tun ranar farko. Sai ya riƙa ce musu su sakar mata hanya, ita ma umurni take bi. Haka ta yi ta tafiya har ta kai unguwar Banu Najjar, ta gurfana a wani fili. Ba wanda ya sami abin cewa, domin ba mutum ne ya yi zaɓin ba.

Filin nan ba wani wuri mai ƙayatarwa ba ne. Mashanyar dabino ce ta wasu marayu biyu, Sahlu da Suhailu, waɗanda suke hannun As'adu ɗan Zurara. Akwai itatuwan dabino a ciki, da kangaye, da wasu tsofaffin kaburburan mushirikai. Sai dai tun kafin isowar Annabi wasu Musulmi sukan taru su yi salla a wurin. Annabi ya kira yaran ya nemi su sayar. Suka ce sun ba shi kyauta. Ya ƙi karɓa sai da aka yi ciniki, kuma malaman tarihi sun ce dinari 10 aka biya, daga dukiyar Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda. Sa'an nan aka tone kaburburan, aka baje kangayen, aka sare dabinon aka jera kututturansa ta wajen alƙibla. Aka ta da bango da tubalin ƙasa, aka yi ginshiƙai da kututturan dabino, aka rufe da rassansa. Annabi da kansa yana cikin masu ɗaukar tubali.

A dubi wannan da kyau. Masu fili sun bayar da yardar ransu, wanda za a bai wa kuwa Manzon Allah ne, abin da za a gina kuma ɗakin Allah ne, amma duk da haka bai yarda a ɗora harsashi a kan haƙƙin maraya ba sai da aka biya.

Gidan Abbas

Musulmi suka yi ta ƙaruwa, masallaci ya yi kaɗan. Bayan yaƙin Haibara, a shekara ta 7 ta Hijira, aka faɗaɗa shi, kuma Sayyidina Usmanu ne ya sayi filin da ke maƙwabtaka da shi ya bayar. A shekara ta 17 ta Hijira, watau 638 Miladiyya, Sayyidina Umaru ya sake buƙatar faɗaɗawa. Ya sayi gidajen da ke kewaye, saura gidan Abbas ɗan Abdulmuɗɗalibi, baffan Annabi. Umaru ya ba shi zaɓi uku: ko ya sayar a biya shi daga baitulmali, ko a gina masa wani a inda yake so, ko ya bayar sadaka ga Musulmi. Abbas ya ce bai yarda da ko ɗaya ba.

Umaru fa shi ne Halifa, a lokacin da rundunoninsa suke cin garuruwan Farisa da na Rum. Amma bai aika a rushe gidan ba. Su biyu suka tafi gaban Ubayyu ɗan Ka'abu ya yi musu hukunci. Ubayyu ya bai wa Abbas gaskiya, ya nuna cewa ba a shigar da gidan mutum cikin ɗakin Allah sai da yardarsa. Umaru ya haƙura. Da Abbas ya ga haƙƙinsa ya tabbata, ba wanda zai tilasta shi, sai ya ce to yanzu ya bayar da gidan sadaka, a ƙara wa Musulmi masallacinsu.

Masallacin da aka ƙone

Akwai kuma wani masallaci a tarihin Madina wanda ba a ambatonsa sai don a ji tsoro. A shekara ta 9 ta Hijira wasu mutane 12 suka gina masallaci kusa da na Ƙuba. Suka ce sun yi shi ne don marasa lafiya da masu rauni, da daren da ake ruwa. Suka roƙi Annabi ya zo ya yi musu salla a ciki, shi kuwa yana shirin tafiya Tabuka, ya ce sai ya dawo. A kan hanyarsa ta dawowa Allah ya saukar da ayoyi cikin Suratut Tauba ya tona asirinsu, ya bayyana cewa nufinsu cutarwa ne da raba kan muminai. Annabi ya aika aka ƙone shi. Shi ne ake kira Masallacin Dirari.

Gininsa ba shi da aibi, alƙiblarsa ma daidai take. Abin da ya kashe shi niyyar masu shi ce, wadda ta bayyana a wurin da suka zaɓa, gab da wani masallacin, don a janye masa jama'a. Ba mu kawo wannan labari don mu jefi kowa da shi ba, Allah ya kiyaye. Mun kawo shi ne domin a san wurin da aka kafa masallaci yana iya haɗa gari, yana kuma iya tsaga shi.

Kibiyar Kufa

Daga Madina sai mu leƙa ƙasar Iraƙi, inda Sahabbai suka kafa sabon gari tun daga tushe. Bayan Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya ci Mada'in, fadar sarakunan Farisa, sai zaman wurin bai karɓi Larabawa ba, jikinsu ya rame, launinsu ya sake. Umaru ya rubuto ya ce a aiki Salmanu Bafarishe da Huzaifa ɗan Yamani su nemo wuri mai lafiya, wanda zai dace da mutane da raƙumansu, kuma kada kogi ko gada ya shiga tsakaninsu da Madina. Suka yi ta yawo har suka dace da wani wuri mai yashi da tsakuwa a yammacin Kogin Furatu. Nan aka kafa Kufa a shekara ta 638.

Abin da aka fara shatawa shi ne masallaci. Aka sa wani ƙaƙƙarfan maharbi ya tsaya a tsakiya, ya harba kibiya gabansa da bayansa, da damansa da hagunsa. Aka ce duk mai son gina gida sai ya wuce inda kibiya ta faɗi. Sa'an nan aka fitar da hanyoyi daga masallaci zuwa unguwannin ƙabilu. Manyan hanyoyi aka ba su faɗin kamu 40, masu bi musu 30 da 20, lunguna kuwa kamu 7. Mutanen da suka yi wannan ba su da kuɗin babban gini a ranar, rumfa kawai suka yi ta wajen alƙibla. Amma sun san gini ana iya ƙara shi gobe, fili kuwa in gidaje suka cinye shi ya tafi ke nan.

Wani abu kuma ya faru a Kufa. Ɓarayi suka fasa baitulmali suka yi sata. Da labari ya kai ga Umaru sai ya ce a matso da masallaci jikin gidan gwamna, a sa baitulmali ta wajen alƙiblarsa, domin masallaci ba ya rabuwa da mutane dare da rana, su ne za su zama masu gadi. Wannan ya nuna irin wurin da magabata suke so ga masallaci: inda ƙafa ba ta ɗaukewa.

A ƙasar Hausa

Mu dawo gida. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci, aka gina masallaci a ƙarƙashin itaciyar da mutanen gari suke tsafi a gindinta. Masu tsafin ba su ji daɗi ba, suka riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da wurin, har sai da aka sa masu tsaro. A zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda ya gina Gidan Rumfa ya kuma kafa Kasuwar Kurmi, Shehu Magili ya zo Kano. A lokacin ne aka gina Masallacin Jumma'a, aka sare itaciyar tsafin, aka ta da hasumiya a gurbinta. A wancan zamani zaɓen wuri shela ne, ana gaya wa kowa cewa gari ya sake alƙibla.

Sannu a hankali biranenmu suka ɗauki tsari guda: ga fada, ga fili a ƙofarta, ga Masallacin Jumma'a. Haka yake a Zariya, inda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina mashahurin masallacin nan na ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarimu, 1834 zuwa 1846. Haka yake a Agadas, inda masallaci mai hasumiya mita 27 yake jikin fadar Sarkin Abzin. Haka yake a Kano, inda aka sake gina babban masallaci kusa da fada a ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya rasu a 1953. Dalili kuwa a fili yake. Ranar Jumma'a ce ranar da sarki da alƙali da malami da talaka suke haɗuwa, a ji huɗuba ɗaya, a ji sanarwa ɗaya.

Wannan tsari yana da tushe a mazhabar Imamu Maliku da muke bi. Littafin Risala ya wajabta Jumma'a a kan mazauna gari da wanda yake nisan mil 3 ko ƙasa da haka. Muhtasar na Shehu Halilu ya shardanta masallacin ya zama ginanne, kuma guda ɗaya, in ma aka sami biyu to Jumma'a ta tsohon ce, watau wanda aka fara yin ta a cikinsa. Masu sharhi suka yi sauƙi a inda tsohon ya ƙuntata ba halin faɗaɗa shi, ko aka mai da Jumma'a ɗungum zuwa sabon. Saboda wannan ne babban birni kamar Kano ya zauna da Masallacin Jumma'a ɗaya har bayan samun mulkin kai a 1960. In birni ya yi haka, ina ga ƙaramin gari irin namu?

Namu zaɓin

Kowa ya san halin da tsohon masallacinmu na ƙofar fada yake ciki. Kakanninmu sun gina shi daidai da yawansu. Yau sahu yakan fita ya cika ƙofar fada, ya bi hanya har bakin rumfunan mahauta. Da bazara tsofaffi su sha rana, da damina a shimfiɗa buzu cikin taɓo. Shawara uku aka kawo.

Ta farko, a rushe gidajen da ke jikin tsohon masallaci a faɗaɗa shi. Dattawan cikin gari wannan suke so, kuma suna da hujja, domin nan iyayensu suka yi salla, nan aka sallaci gawarsu. Amma ɗaya daga cikin gidajen gado ne da ba a raba ba, akwai ƙananan marayu cikin magada. Wani kuma mai shi ya ce nan aka binne cibiyarsa, ba zai tashi ba. Wasu suka ce a tafi wurin hukuma a tashe shi. A nan liman ya karanta mana labarin Umaru da Abbas, zancen ya mutu. Ko da ma an sami gidajen duka, ma'auna sun nuna ba za a daɗe ba za a koma gidan jiya.

Ta biyu, wani bawan Allah ya ba da fili kyauta a bakin titi, kusa da tasha. Matasa da 'yan kasuwa suka so nan, don matafiya su riƙa ganin masallacin suna tsayawa. Muka je muka duba da damina, muka tarar ruwa yana kwanciya a wurin. Ga ƙarar motoci da za ta danne huɗuba, ga yara da makafi sai sun tsallaka titi. Babban abin tsoro kuwa, mutanen cikin gari sun fara cewa in aka kai shi can, su za su ci gaba da Jumma'arsu a tsohon. Da an yi haka da gari ya rabu biyu, kuma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Mai filin, Allah ya saka masa da alheri, da ya ji haka sai ya sayar da filin ya kawo kuɗin cikin asusun gini.

Ta uku ita ce wannan da muke tsaye a kai, tsohuwar gonar da ta rage tsakanin cikin gari da sabuwar unguwa. Ba ta cikin unguwar kowa, saboda haka ba wanda zai ce nasa ne. Tudu ne, ruwa ba ya zama. Akwai rijiya kusa, ba juji, ba kwata, ba maƙabarta. Hanya tana zuwa daga kowane ɓangare, kuma gidaje sun riga sun kewaye ta, ba a fita daga gari ba. An tara magadan gonar duka, maza da mata, har da waɗanda suke aure a wasu garuruwa, kowa ya faɗi yardarsa gaban shaidu. Waɗanda suka yafe rabonsu an rubuta, waɗanda suka nemi kuɗi an biya su ba tare da an kunyata kowa ba. Rabon yara kuwa ba mu karɓi kyautarsa ba, an kimanta an biya hannun waliyyinsu da sanin alƙali. Tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnati, mun bi ta Ƙaramar Hukuma, 'yan safiyo sun auna sun kafa duwatsun iyaka, an karɓi takarda da sunan jama'ar Musulmin gari. Malamai sun tabbatar da alƙibla. An kuma yi ittifaƙi cewa ranar da aka buɗe wannan masallaci Jumma'a za ta dawo nan gaba ɗaya, tsohon kuwa ya ci gaba da salloli biyar da karatun yara, ba za a bar shi ya zama kango ba.

Ba mu ce kowa ya sami abin da yake so ba. Akwai dattawan da tafiyarsu ta ƙaru, mun kuwa san ciwon gwiwa ba wasa ba ne. Muna tuna musu da Banu Salima, mutanen Madina da gidajensu suke nesa da masallaci, suka yi niyyar tasowa su dawo kusa, Annabi ya ce su zauna inda suke, ana rubuta musu ladan takunsu. Muna kuma roƙon masu motoci da babura, kada wani ya wuce dattijo a hanya ranar Jumma'a.

Amanar da muke bari

Wanda ya dubi turakun nan zai ga ginin bai ci rabin filin ba. Da gangan aka yi. Sauran harabar ta 'ya'yanmu ce da jikokinmu, ranar da su ma sahu zai fi ƙarfin ginin. Mun san wata rana za a zo a ce a yanka kantuna a jikin katanga don masallaci ya sami kuɗin shiga, wani ya ce a ɗan ba shi gefe ya kafa rumfa kafin a buƙata. Da haka filaye suke ƙarewa, taku ɗaya yau, taku ɗaya gobe. Filin nan hubusi ne, ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a gado. Duk wanda ya riƙi shugabancin masallacin nan bayanmu, mun ɗora masa wannan amana, Allah kuwa shi ne shaida.

Ga masu taimako kuma, babba da ƙarami, wanda ya kawo buhun siminti da wadda ta kawo kwanon gero, da wanda ba shi da kome sai ƙarfinsa ya zo ɗiban ruwa, ku sani dukiyarku ta sauka a ƙasa mai tsabta, wadda ba hawayen kowa a kanta. Aiki yanzu aka fara, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Kada a gaji.

Allah ya karɓa mana, ya sa mu ga kammalawarsa lafiya. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka gina na farko. Allah ya haɗa kanmu a sahu ɗaya, ya ba garinmu da ƙasarmu zama lafiya. Amin summa amin.

Wasalamu alaikum wa rahmatullahi.